Ni Na Ce Wa Baba Ya Daina Wahala Da Littattafansa

A lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina aikin buga takardu a wani shagon kwamfuta a Bukan Sidi, nan Lafia. Zamanin ne da wayar salula ta fara shiga hannun kowa. Ina da saurin hannu, kuma ina ji da kaina, domin a shagon ni na fi kowa sabawa da Linux, manhajar kyauta da aka sa mana bayan bairos, cutar kwamfuta, ya gallabe mu. Kwamfuta huɗu ne a gaba, sai babba ɗaya a ɗakin baya da muke kira saba, inda duk aikin mutane yake taruwa. Surukin ogan shagon ne ya haɗa ta, kowa injiniya yake ce masa. Ranar da ya gama ya buɗe cikinta ya nuna mana faifan ajiya biyu, ya ce kullum ƙarfe biyar na yamma za ta kwafe komai daga na farko zuwa na biyu da kanta. Ya ce wannan shi ne bakof, mu sa ranmu a inuwa. Kullum kuwa da biyar ta yi sai wani rubutu ya fito cewa an gama kwafi. Shi nake kallo in rufe shago.

Cikin masu kawo mana aiki akwai wani dattijo daga wajen Doma, tsohon hedimasta, muna ce masa Baba. Tun kafin ya yi ritaya yake bin ƙauyukansu yana zama da tsofaffi, yana rubuta waƙoƙin noma da na daka, da tatsuniyoyi, da sunayen itatuwan magani a yarensu na Alago, kowanne da fassararsa. Littattafan rubutu na makaranta ne, yawansu zai cika buhu. Duk ranar Talata zai zo da biyu ko uku a leda, ya zauna kusa da ni yana karantawa ina bugawa, yana gyara mini inda na kuskure. Fiye da shekara muka yi a haka. 'Yata yake ce mini, lokacin mangwaro kuma ba ya zuwa hannu rabbana.

Ranar da muka buga littafi na ƙarshe ya tambaye ni ko har yanzu sai ya ci gaba da lallaɓa waɗannan takardu, domin sun cika masa akwatin ƙarfen da ke ɗakinsa, matarsa kuma tana son wurin. Ya kuma ce ko in buga masa a takarda ya riƙe. Wannan amsa da na ba shi ita ce har yau take ci mini rai. Na yi dariya, na ce ya bari sai mun gama gyara mu buga gaba ɗaya, aikinsa yana wuri biyu, ko gobara ce ba za ta ci duka ba. Ban taɓa buɗe faifai na biyun nan da idona ba, ko sau ɗaya. Abin da na ji na faɗa masa, kamar na gani. Ya koma gida ya kwashe littattafan ya zuba a buhu, ya kai ɗakin ajiyar doya.

Cikin damina aka ɗauke wuta muna tsakiyar aiki, da aka dawo da ita saba ta ƙi tashi. Oga ya kira injiniya. Ni an aike ni sayen takarda, kafin in dawo ya riga ya goge faifan ya zuba sabuwar manhaja. Bai tambayi kowa ba, bai duba komai ba. Da na ce masa ina aikin mutane, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce ai akwai bakof. Ya nemi wurin, ya sake nema, sai na ga yana shafa gemu. Babu komai. Daga nan ya juya ya ce wa oga lallai ni na taɓa wani abu, dama ya sha faɗa cewa bai kamata a bar mai buga takarda tana shiga ɗakin saba ba. Oga ya yarda nan take. A gaban abokan aikina aka ce ni na goge, ni kuwa ban san abin da zan kare kaina da shi ba, domin ban san yadda abin yake aiki ba.

Wata malama da ke koyar da kwamfuta, wadda muke unguwa ɗaya, ita na kai wa kukana. Abu na farko da ta ce shi ne in je in kashe na'urar, kada a sake rubuta ko harafi ɗaya a kanta, don duk abin da aka ƙara yana danne na da. Washegari ta zo da faifan sidi mai tada kwamfuta ba tare da ya taɓa abin da ke ciki ba. Kafin ta fara ta ce a buɗe mata murfin. Faifai ɗaya ne a ciki. Gurbin na biyu babu komai sai ƙura da waya tana lilo. Ta yi mana bayani cewa tun da aka cire shi, kwafin da ake yi kullum a kan faifai ɗayan nan yake sauka, shi ya sa rubutun bai fasa fitowa ba, shi ya sa kuma gogewa ɗaya ta tafi da duka.

Da aka tsare injiniya da tambaya ya ce eh, ya ari faifan ne ya sa wa wani kwastoma watanni da suka wuce, yana da niyyar mayarwa. Haka ya faɗa, kamar ya ari tsintsiya. Ko ya san babu faifan lokacin da yake gogewa, ko ya manta, ban san wanne ya fi muni ba. Ya kuma san babu shi lokacin da yake ɗora mini laifi. Na jira oga ya ce wani abu. Sai ya ja ni gefe ya ce maganar gida ce, in bar ta, kada in kunyata surukinsa. Ni da aka kunyata a gaban kowa, ba wanda ya ce mini ko yi haƙuri.

Na hau babur ɗin okada na je har gidan Baba, ina fatan littattafan suna nan. Muka buɗe buhun tare. Ruwa ya shiga ta ƙasa, gara ta gama da sauran. Littafi bakwai muka tsinta da za a iya karantawa. Ya daɗe yana juya wani guntun shafi a hannunsa, bai yi faɗa ba. Abin da ya ce kawai: "'Yata, da kin ce mini ba ki tabbatar ba, da na bar su a akwati."

Malama ta yi kwana uku tana tsamo abin da ya rage. Fayiloli suka fito barkatai, babu suna, wasu rabi, wasu sun cakuɗe da takardun neman aikin mutane. Na yi wata biyu ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Mun samu fiye da rabi. Sunayen itatuwa sun dawo kusan duka, amma yawancin waƙoƙin daka sun tafi, kuma tsofaffin matan da suka rera masa su sun riga sun rasu. Na buga abin da muka samu a takarda, na zuba a sidi uku, na kai masa, sannan na ajiye aikin. Ya karɓa ya yi godiya. Bai sake zuwa ranar Talata ba.

Fushina a kan injiniya da oga bai huce ba, kuma ba na jin zai huce. Amma na san ba su ne suka zauna kusa da dattijon nan suka ba shi tabbaci ba. Don haka nake roƙon duk wanda aka ba amanar aikin wani a kwamfuta, kada ya yarda da rubutun da na'ura ta nuna masa ko maganar mai gyara. Ka buɗe kwafin da hannunka, ka ɗauko fayil daga ciki ka karanta. Ka ajiye wani a wajen shagon. In na'ura ta ƙi tashi, kada ka bari a goge ta sai an fara ciro abin da ke ciki. In kuma wani ya tambaye ka ko ya rabu da takardunsa na asali, alhali ba ka duba ba, ka ce masa ba ka sani ba. Kunyar faɗin haka ta minti ɗaya ce, ni kuwa na guje ta na jawo wa bawan Allah asarar aikin rabin rayuwarsa.