Sunan da Waya Ta Sa Na Faɗa

Shekarun baya, a wata damina mai albarka, irin wadda ruwa ke sauka da asuba ya ɗauke kafin hantsi, aka kawo wani ɗan akwati gidanmu a Ƙofar Ran. Shekarar ta zo mana da daɗi. Gero ya yi kyau a Miri, maigidana, wanda nake kira Malam, bai samu zama ba saboda masu sayen taki, ni kuma na shiga ajin manya na yaƙi da jahilci, ina ta murnar na fara haɗa baƙi da wasali. Abu ɗaya ne ya rage mini: ɗana na fari ya tafi karatu ƙasar waje.

Shi ne ya aiko da akwatin. Lokacin wayar gida mai igiya ba ta gama mutuwa a Bauchi ba, muna da ita a falo. Aka haɗa akwatin da intanet da kuma layin gida, ya zama wayar tebur guda tana karɓar kiran gari, tana kuma karɓar nasa daga can. Sai dai tun ranar da aka haɗa, ɗan gilashin da ke nuna lambar mai kira ya daina nuna komai.

Ga wani wannan ba abin damuwa ba ne. Ni kuwa ya tsaya mini a rai. Yawancin masu kiran gidanmu maza ne, manoma masu neman Malam, kuma ba na son ɗaukar wayar maza. Ba hana ni aka yi ba, halina ne. Shi kuma yaron da hantsinmu yake samun sarari, daidai lokacin da Malam yana kasuwa, ƙanwarsa tana makaranta. Sai waya ta yi ta ƙara, ni ina tsaye da ludayi a hannu, ina ta saƙe-saƙe: shi ne, ko wani ne daga Tirwun? Ranar da na yi ƙarfin hali na ɗauka, wani dattijo na samu, ya gaishe ni har da kajin gida, sannan ya shiga ba ni labarin tsutsar da ta kama masa masara. Ban ƙara ba.

Da yamma sai ƴata ta ce, "Inna, Yaya ya ce ya kira da safe ba a ɗauka ba." In ce, "To." In shige ɗaki.

Ku yaran yanzu ba lalle ku gane ba. Yadda aka tashe mu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane. Tun ranar sunansa bakina bai taɓa furta sunan nan ba, sai dai "yaron nan" ko "yayanku". To da wane baki zan ce wa Malam a gyara waya ina son jin muryarsa?

Maƙwabciyata ce ta gano ni. Mutuniyar Tafawa Ɓalewa ce, ta yi aiki a ofishin waya har ta yi ritaya, kuma Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji. Ita da sunan yaron take kirana, Maman wane, in amsa ina kallon gefe. Wata safiya ta kawo mini gwaten acca, waya ta hau ƙara, ban motsa ba.

"Maman wane, waya yana kuka fa!"

Na ce, "Gilashin ne ba ya nuna kowa."

Ta dube ni, ta dubi wayar. "Gilashi ne damuwarki, ko mai kira?"

Na ce gwaten ya yi daɗi. Ta yi dariya har da buga cinya.

Ranar Asabar ta dawo da tabarau a hanci, kowa yana gida. Ta leƙa bayan tebur ta tarar Malam ya cusa igiyoyin biyu a wani ɗan soket mai baki biyu. Ta zare igiyar layin gida ta sa a ramin da aka yi dominta a jikin akwatin, ta canza wa wayar batir. Sannan ta sa aka kira yaron, ta ce masa, "Ɗana, akwatinka da wayar nan ba yare ɗaya suke ji ba. Shiga ka canza masa." Daga can ya yi ta taɓe-taɓensa, ita kuma tana danna sunayen ƴan gida cikin wayar.

Aka zo gwaji. Malam ya fita zaure ya kira da salularsa. Kafin ƙarar farko ta ƙare ƴata ta fizgi kan wayar. Gilashi fayau. Malam ya dawo yana cewa, "Na faɗa muku, abin nan ado ne kawai."

Maƙwabciyata ta riƙe haɓa. "Alhaji, kai da ƴarka duk gaggawa! Lamba yana zuwa ne tsakanin kuka na farko da na biyu. Ku bar shi ya yi sau biyu mana. Wannan aikin Maman wane ne, shi kaɗai ne mai haƙuri a gidan nan."

Ba ta rufe baki ba waya ta ɗauki ƙara. Aka matsa mini. Na tsaya, ta yi ta farko, ta yi ta biyu, sai ga baƙaƙe sun fito reras.

Malam ya ce, "To ɗalibar manya, karanta mana mu ji ko kuɗin alli bai tafi a banza ba."

A ajinmu da ƙarfi muke karatu, yatsa a kan rubutu, gaɓa-gaɓa. Ban san wani irin karatu ba bayan wannan. Na ɗora yatsa a gilashi na ja gaɓar farko, na ja ta biyu, na ja ta uku, ina jin kaina kamar malama. Sai da kunnena ya haɗa su na san abin da bakina ya aikata. Ashe baiwar Allahn nan sunansa na yanka ta rubuta.

Sai ƴata ta rangaɗa guɗa, ta ɗauki wayar tana ihu, "Yaya! Inna ta faɗi sunanka! Wallahi da bakinta!" Malam ya cire hula yana fifita da ita, dariya ta hana shi magana. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, ina neman ƙasa ta tsage.

Aka tura mini wayar ta ƙarƙashin mayafin. Na ji ya ce, "Inna, ashe kin san shi?"

Na ce, "Waya ce ta faɗa. Ni karantawa kawai na yi."

"To a sake karantawa mana, layin bai fita sosai ba."

Yana ta dariya. Na ce, "Ka ci abinci?" Ya ce ya ci.

Da za ta tafi, maƙwabciyata ta ce in ina so ta goge ta rubuta "Yayansu". Na ce ta bar shi, kada a taɓa a lalata gyaran. Ta ce, "Haka ne, gyara yana da wuya," tana ƙunshe dariya.

Yau layin gida ya zama labari, akwatin ma ban san inda yake ba. Yaron ya dawo, yana da nasa ƴaƴan, kuma har gobe ban ƙara kama sunansa ba. Ban ga laifin kunyarmu ba, da ita na girma. Amma na gane shi ma yana da abin da ya daɗe yana jira bai faɗa ba, kamar yadda nake tsayawa da ludayi a bakin falo.

Washegarin ranar da aka gyara wayar nan, ina gama ɗumame na ɗauki littafina, na nufi gidan malamarmu, alhali ba ranar aji ba ce. Na ce ta koya mini karatu baki a rufe. Ta ce, "Hajiya, ina saurin? Sai aji na gaba ake wannan." Na ce mata akwai wani suna da zan riƙa karantawa kullum da hantsi, kuma ba na son kowa ya ji.