Tukwanen Inna Dije

Shekara talatin ke nan da aka kai Inna Dije makwancinta, kuma har yau in na ga ƙaramar sabuwar tukunya a kasuwa sai na tsaya. Ba uwata ba ce, ko kaka ba mu haɗa ba. Ungozoma ce da na tarar a wurin aikina na farko. Ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma ita ta koya mini aikin da nake taƙamar na karanto a Yamai.

Ƙasa ba ta daɗe da samun 'yanci ba aka turo ni wani ƙaramin ɗakin haihuwa tsakanin Dutsi da Tibiri. Baturiyar da ke riƙe da wurin ta koma gida, ni ce magajiyarta. Na zo da farar riga da takardar shaida da girman kan da ya fi akwatina nauyi. A bango Baturiyar ta bar dokokinta da Faransanci, a yini guda na haddace su. Ɗaya daga ciki ta ce duk mabiyar jariri, wato uwar tafiya, a jefa ta ramin bayan gini.

A ɗakin ajiya kuma na ga ƙananan tukwane sababbi a jere. An riga an cika mini kunne cewa wannan yanki da ake kira Arewa ƙasar iskoki ce, sai na ɗauka kayan bori ne, na ce a fitar da su. Inna Dije ta kwashe su da kanta. Ni kuwa ban tambaye ta amfaninsu ba.

A makona na biyu, da hantsi, aka kawo wata mata mai suna Hajo daga wani ƙauye kusa da Gecheme. Inna Dije tana bakin murhu tana tafasa ruwa, ni kaɗai na karɓi haihuwar. Namiji ne, lafiyayye. Na gyara uwa da ɗa, na bi dokar bango, ina jin daɗin kaina. Fitowata ke da wuya sai ga uwar Hajo ta miƙo hannu biyu.

"Madam, a ba mu mabiyar mu tahi da ita gida."

Na ce ai tana rami. Tsohuwar ta yi mini kallon da ban taɓa mantawa ba. Kafin azahar sun ɗauke mai jego sun tafi, alhali kwana uku ya kamata ta yi.

Inna Dije ba ta yi mini faɗa a gaban kowa ba. A gaban mutane Madam take ce mini, sai da ta ja ni ɗakin ajiya na zama ɗiyarta.

"Ɗiyata, nan ba a yada mabiya. Wanke ta a kai, a sa tukunya, kaka ta bizne ta gidan uban yaro. Wagga mata ɗiyanta ukku sun rasu. In wanga ya bi su, mi za a ce? Za a ce ke kinka yasshe shi rami. Daga nan ba macen da ka ƙara zakuwa nan, ko da haihuwa na kashe ta."

Na ce to Baturiyar fa? Ta ce Baturiya ta rubuta dokarta, ita kuma tana miƙa wa mutane tukunyarsu ta taga.

Ta aro ƙugiyar da ake ciro guga daga rijiya, ta kwanta rub da ciki a bakin ramin, mace mai furfura, har ta ciro abin. Ta wanke shi tas, ta sa a tukunya ta rufe, ta miƙo mini. "Ke kinka yada ta, ke za ki maishe ta." Haka muka bi turbar yashi cikin gonakin hatsi, ni da farar rigata da tukunya a ka, manoma suna miƙewa daga noma suna kallo. Kunya kamar in nutse. Na durƙusa gaban uwar Hajo na ba ta haƙuri. Ta karɓi tukunyar, ta sa aka dama mana fura. Yaron ya rayu. Ban ce tukunya ce ta raya shi ba, na dai san bayan sati biyu maƙwabciyar Hajo ta zo wurinmu da naƙuda mai wuya, kuma ita ma ta tashi.

Kada a ɗauka Inna Dije duk tsohon abu take karewa. Da na nuna mata dalilin tafasa almakashi, ran nan ta rabu da askar da ta gada wurin uwarta. Ita ta riƙa bin ungozomomin ƙauye tana hana su shafa toka a cibiya, kuma sun ji maganarta inda ba za su saurare ni ba. Abin da ke cutarwa ta sake shi ba gardama, wanda ba ya cutar da kowa kuma yake kwantar wa mutane hankali ta ce a bar musu abinsu. Mun kankare dokar bangon. Duk sabuwar ma'aikaciya, kafin ta taɓa allura, sai Inna Dije ta zaunar da ita ta wanke tukunya, tana ba ta labarin wata Madam mai girman kai. Ina wurin a tsaye, ba ta taɓa faɗin suna ba.

Yau in aka ɗauki sababbi, sai a tara su a zaure kwana biyu, a raba musu takardu, a ce an horar da su. Ina jin da Inna Dije za ta ga kayan aikin yanzu ta yi murna, don ta ga mata da yawa sun tafi saboda rashinsu. Amma na san za ta tambaya wa ke zaunar da baƙuwa ya gaya mata abin da ba a rubuta ba.

Bara na raka jikata haihuwa a wannan wuri. An sake ginin, ba wanda ya san ni, sunan Inna Dije kuwa ko mai gadi bai taɓa ji ba. Ina zaune a benci sai wata yarinya ma'aikaciya, waya a aljihu, ta fito da ɗan bokitin roba a rufe, ta rusuna ta miƙo mini da hannu biyu. Na ce wa ya koya mata haka?

Ta ce, "Kaka, haka munka iske ana yi nan."

Na karɓa, na juyar da kai don kada ta ga idona.