Sodangi Mai Auna Haske a Bayan Hannunsa

Kafin ya taɓa kyamara, Malam Sodangi yakan fito ƙofar shagonsa a bakin kasuwar Boɗinga, ya miƙa hannu, ya tsura wa bayan hannun ido. Baƙi sukan zaci addu'a yake yi. Ina! Haske yake aunawa. Cewa yake fatarsa irin ta masu zuwa wurinsa ce, in ta fito su ma za su fito. Bana idon ya gaza, ya rufe shago, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da aka shaida.

Mutanenmu suna da wani kuskure, kuma har yau ba mu bar shi ba. In za a ɗauke mu hoto sai mu zuba fararen kaya, mu tsaya tsakar rana, wai hoton ya fi haske. Sai riga ta fito tas, fuska kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Sodangi ya sha faɗa cewa fim ba ya riƙe fari fat da inuwa lokaci guda, dole ka zaɓi wanda za ka ceta. In kuma ka matsa masa a wankin hoto don fuska ta fito, sai ta yi tsaki-tsaki kamar an watsa mata gero.

A shekarar tamanin da uku, lokacin tsuke bakin aljihu, fim ya ɓace har a Sakkwato. Nan ne aka kawo masa wata tsohuwa daga Dingyadi, Inna Shatu. Ta samu kujerar Makka, amma sau biyu ana mayar da hotonta, an ce ba a gane mai shi. Washegari za a rufe karɓar takardu. Sodangi kuwa ɗauka ɗaya tak ta rage masa a kyamara.

Ɗanta Husaini, manomin albasa, ya kafe sai ta tsaya a rana da farin lulluɓinta, ya ce ai duhu ne ya ɓata na baya. Sodangi bai yi gardama ba, tambaya ɗaya ya yi masa.

"Mi kaka so in ɗauka, lulluɓi ko huska? Lulluɓi dai ba shi zuwa Makka shi kaɗai."

Sodangi ya zaunar da ita a inuwar rumfa, ya ari babban tire wurin Balaraba mai tuwo, ya ba Husaini ya riƙe a rana har haske ya komo fuskar tsohuwa a hankali. Ya kai hannunsa kusa da kuncinta, ya duba, ya ƙara buɗe idon kyamara. Ya daɗe bai danna ba, har Inna Shatu ta ce ko ya yi barci ne. Sannan ya danna.

Lulluɓin ya ƙone fari, ko zarensa ba a gani. Fuskar kuwa ta fito har tsagen kuncinta. Aka karɓi hoton.

Ta tafi, ta yi Arfa, Allah ya karɓi abinsa a can. Da labari ya iso, Husaini ya zo shagon. Sodangi ya buɗe akwati ya miƙa masa kwafi guda da ya ajiye. Ita ke nan fuskar Inna Shatu da ta rage a duniya, kuma na ji tausayin Husaini ranar.

Malam Sodangi, kai ne ka bar riga ta ɓaci don mutum ya fito. Ba a taɓa kiranka taro an yaba maka ba, kai ma ba ka nema ba. Mun gode, Allah ya saka, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma masu ɗaukar hoto da waya, kun huta da neman fim, amma rana ba ta sake hali ba. Ku ja tsofaffinku inuwa, ku duba fuska tukuna. Jikokin Inna Shatu goma sha ɗaya ne, babu wanda ya riske ta, amma duk sun san kamanninta.