Yaya, Ashe Ya Kira Ki

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta rasu ranar Talata, sha biyu ga watan nan, a kan bencin kotu, hannunta cikin nawa. Har yanzu in na faɗa sai in ji kamar labarin wata nake bayarwa.

Yaya, da ƙafarki kika shiga ɗakin kotun nan. Ke kika goge mayafinki da safe, har kina yi mini tsiya wai ni ce uwar nawa. Mun je ne mu ji hukuncin da za a yanke wa wanda ya kashe autanki, abokin aikinsa a shagon walda, yaron da kike zuba wa abinci a kwano ɗaya da shi, yake kiran ki Mama.

Ke ba mai riƙo ba ce. A farfajiyar kotun nan na gan ki kin miƙa wa mahaifiyar wanda ya yi kisan gorar ruwanki. Na harare ki, kika ce, "Ita me ta yi? Ita ma ɗa za ta rasa." Maɗinkiyar unguwa ce ke, amma rabin ɗinkin marayu kyauta kike yin sa, ki ce ragowar yadi ne.

Tun farko dangi suka haɗa baki aka gaya miki nan take Auta ya cika, bai sha wahala ba. Ranar da likita ya ba da shaida ma a gida aka bar ki. Ba wanda ya faɗa mana cewa kafin alƙali ya yanke hukunci sai ya bi abubuwan da suka ƙara wa laifin nauyi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce an shirya kisan tun da wuri. Ya ce an ci amana. Sannan ya gyara tabarau, ya ce mafi muni shi ne mai laifin ya kulle shagon ta waje, ya bar Auta da sauran numfashi, maƙwabta suna jin yana kiran mahaifiyarsa, kafin a fasa ƙofar rai ya yi halinsa.

Kika juyo kika dube ni. Ba kuka, ba salati da ƙarfi. Kika ce, "Ashe ya kira ni?" Sai kanki ya kwanta a kafaɗata. Wallahi na zaci suma kika yi, ina ta yi miki fifita da mayafi. Ɗaurin rai da rai aka yanke wa mai laifin, a bakin mutane na ji daga baya. Ke ba ki tsaya ji ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, wanda ya rasa ɗa da mata a shekara guda, da 'ya'yanki da jikokinki. Allah Ya ba mu haƙurin da ba mu da shi. Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Auta a Aljanna, ki amsa masa kiran nan.