Ladidi da Ɗakin da Ta Raba Uku

Ladidi mutuniyar Badarawa ce, can ƙasar Shinkafi. Shekarar da zuwa gona ya gagara, saboda abin da kowa ya sani, ta iso Kaura Namoda da 'ya'ya huɗu. Mijinta bai iso ba, Allah ya jiƙansa. Ta samu aiki a gidan abincin Madam Ada, kusa da tashar mota, inda direbobi da ma'aikata ke cin sakwara da farfesu. Shekara shida ta yi a can. Da wanke-wanke ta fara, har ya zama ita ke riƙe da ludayi.

Da ta tashi buɗe nata, sai ta buɗe a unguwarmu, inda yawancinmu daga ƙauyukan Shinkafi da Zurmi muka taso tare, muka sauka tare. Ta tsara shagon kamar na Madam: ɗaki ɗaya, ƙofa ɗaya, tebura a fili, kowa na ganin kowa. Akwai tuwon dawa da miyar sure, shinkafa da wake, da zoɓo mai sanyi. Ni dai na ci, ban ga abin kushewa ba.

Amma ɗakin ya ƙi cika. Mutum zai ɗaga labule, ya leƙa, ya gaisa, ya juya. La'asar ta yi, rabin tuwo na cikin tukunya. Ta sake daddawa, ta ƙara man shanu, ta sa aka yi fenti. Yayanta Rilwanu, wanda ke zaune a Sakajiki, ya aiko cewa in kaka ta yi abin bai gyaru ba, zai zo da mota ya kwashe ta da yaran, ta zauna a ɗakin da ke bayan gidansa.  Wanda ya san Ladidi ya san amsar.

Wata rana da azahar Madam Ada ta zo duba ta. Ta ɗanɗana miya, ta ce, "Ladidi, miyar nan ba ta da laifi. To ina mutane?"

Lokacin Malam Isah mai hatsi, dattijon unguwa, shi kaɗai ke cin tuwo kusa da ƙofa. Sai ga Hamisu ɗan kabu-kabu ya kafe babur, ya ɗaga labule da sauri. Yana ganin Malam sai ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, barka da rana."

"Hamisu, ya iyali?"

"Lahiya lau. Dama wani nika biɗa, na ga bai nan."

Ya hau babur da yunwarsa. Malam Isah ma ya tsame hannu, ya bar rabin malmala a kwano.

Madam ta ce, "Faɗa suke yi?"

"Wane faɗa, Madam? Ɗiyar Malam yaka aure. Wurinmu mutum bai cin abinci gaban surukinai, shi ma surukin…"

Nan Ladidi ta tsaya, ludayi na hannunta.

Madam ta tuntsure da dariya. "Kin san haka, kika jera musu tebur kamar 'yan firamare?"

A tasha baƙi ke ci, ba wanda ya auri 'yar wani. A unguwarmu kuwa da wuya ka tara mutum biyar ba a samu surukai a ciki ba.

Ranar kasuwa Ladidi ta je Kasuwar Daji ta sayo zana. Ta raba ɗakin uku, ta sa Sabo magini ya fasa ƙofa ta baya. Murhu kuma ta dawo da shi gaba, inda take hango mai zuwa tun daga nesa. Ba auren da aka ɗaura a ƙauyukanmu da ba ta san da shi ba. Mutum na tahowa sai ta nuna da ludayi: dama, hagu, ko baya. Ba ta taɓa faɗin dalili da ƙarfi ba, sai dai in Hamisu ne.

"Hamisu, ta baya. Kuma ka rage santi, zana ce ba bango ba."

"Inna Ladidi, ki rage man shanu, in rage."

Kafin a yanke gero ta ƙara tukunya, ta ɗauki mata biyu aiki.

Kaka na yi Rilwanu ya iso da a-kori-kura. Direba ya rasa wurin tsayawa saboda babura. Rilwanu ya nufi ƙofar gaba, sai ga ludayi a gabansa.

"Yaya, ta baya."

"Ni? A shagon ƙanwata?"

"Baban matarka na ciki."

Ya gyara hula, ya zagaya a hankali. Malmala biyu ya ci. Da ya fito direba ya tambaye shi ina kayan da za a loda.

Ya ce, "Wane kaya? Shiga ka ci tuwo mu tahi. Ka dai tambaye ta ƙofa."

Ni ranar Alhamis nake zuwa, ɓangaren dama take nuna mini. Wani lokaci nakan ji tarin wani da na sani daga bayan zana. Ban taɓa tambaya ba. Nakan dai ci a hankali, don mai tarin ya samu ya gama ya fita.