Injin da Inna Habsu Ta Lulluɓe da Zane

Cikin duk shekarun da na yi a gidauniyar nan, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda na zauna a tsakar gidan Inna Habsu, a wani ƙauye kusa da Gangara, na ciji ƙuli-ƙulin da ya kusa raba ni da haƙorina. Ku sababbin shiga kuna jin ana kirana Mushe Ƙuli-ƙuli, wato Malam Ƙuli-ƙuli a bakin 'yan Faransanci, a nan buro, ofishinmu, kuna dariya a ɓoye, kuna zaton ban sani ba. To yau ga asalin sunan.

Ga wanda bai san aikinmu ba, mu ba kyauta muke rabawa ba, kuma mu ba banki ba ne. Masu hali ne suka ajiye dukiya, mu kuma muna zuba ta cikin sana'ar talakawa, ko rance marar ruwa, ko kayan aiki da za a biya sannu a hankali. Abin da ya dawo sai a ba wasu. Amma dawowar kuɗi kaɗai ba ta ishe mu ba, sai mun nuna abin da ya canza a rayuwar mutane. Shi ya sa kowane dosiye, wato takardun neman jari, yake da ma'aunin da za a duba a ce an ci nasara ko ba a ci ba. A lokacin ni ne mai kula da jarinmu na Agiye, Gazawa da Gidan Rumji. Darakta ce a samana, kwamiti kuma yana zama duk wata uku.

Inna Habsu ita ce shugabar wata ƙungiyar mata masu sana'ar gujiya, wadda wasu ke kira gyaɗa. Su soya ta, su kai a markaɗa musu a Gangara, su dawo su yi ta murzawa da hannu har mai ya fito. Da na fara ganin wahalar nan sai na ce a raina ai maganinta inji ne. Na tara su a ƙarƙashin wani gawo, na tambaye su, “Kuna son ku riƙa samun mai fiye da na yanzu?” Suka ce suna so, har da tafi. Na koma buro na rubuta dosiye, na sa yawan mai a matsayin ma'auni, kwamiti ya amince. Bayan girbi aka kai musu injin matsar mai sabo fil, za su biya cikin shekara biyu. Ba zan ɓoye muku ba, na yi alfahari da dosiyen nan, har ina ba ƙananan ma'aikata shi su koyi rubutu.

Injin yana da ɗan agogo a jikinsa mai ƙirga awannin da ya yi aiki. Rabi, ma'aikaciyarmu mai zagaya ƙauyuka, ita ke karanta shi duk wata. Wata na farko agogon ya yi tafiya sosai. Daga nan sai ya koma motsi ɗan kaɗan, kamar ana taɓa shi don kada a ce ba a taɓa ba. Abin mamaki, biyansu bai taɓa yin latti ba ko da kwana ɗaya.

A wata na biyar darakta ta kira ni. Ta ce, “Mushe Isufu, injin ba ya aiki, amma biya yana zuwa. Da me suke biya?”

Na ce ban sani ba, Madam.

Ta ce abu biyu take zargi. Ko suna cin bashi mai ruwa a hannun 'yan kasuwa don su rufe mana baki, ko kuma shugabar ta yi amfani da sunayen matan ne kawai don wata manufa tata. Ta tuna mini ƙa'ida: injin da ya yi wata shida a ajiye, ɗauke shi ake yi, a cire ƙungiyar daga jerin waɗanda za a sake ba jari, a kuma rubuta dalili da sunan shugaba. Saura wata biyu ke nan.

Na roƙi mako guda. Kada ku ɗauka tausayi ne ya motsa ni, son sani ne ya hana ni sakat. Na aika makanike, ya ce injin lafiyarsa lau. Na bincika ko gazuwal, man da injin ke sha, ne ya yi tsada, Rabi ta ce akwai jarka cike a ɗakin. Na ce ko mazajensu ne suka hana, ta yi dariya ta ce ban san matan nan ba. Wace irin mace ce za ta ajiye abin da ke sauƙaƙa mata wahala, kuma ta ci gaba da biyansa?

Rabi ta ƙara da wani abu da ya tsaya mini a rai. Ta ce duk ranar da ta je sai ta tarar injin yana da ɗumi. Sai na gane ƙarar motarmu suke ji daga nesa su tayar da shi. Don haka ranar kasuwar Gangara na bar motar gidauniya a Agiye, na cire rigar aiki, na shiga motar haya.

Na tsaya nesa da rumfarsu ina kallo. Kwalaben mai suna jere, mai saye ɗaiɗai ne. Amma kwandunan ƙuli-ƙuli, cinkoso ake yi a kansu. Mahauta suna saye don yajin nama, mata suna saye don kwaɗon zogale, Fulani masu tallan nono suna ƙullewa a bakin zane su kai wa yara ruga. Kafin azahar kwanduna sun koma wayam, man kuwa ko rabi bai tafi ba. Na yi shekara ina hulɗa da matan nan, ban taɓa tsayawa na ga abin da suke sayarwa ba.

Inna Habsu ta hango ni. Ba ta nuna mamaki ba. Ta ce, “Mushe, yau ba mota? To mu tahi gida, rana ta yi.”

Ɗakin injin a share yake tas. Injin kuwa an goge shi, an lulluɓe shi da zane mai kyau, irin wanda mace ke ajiyewa don biki. Na ce, “Inna, me ya samu injin nan?”

Ta ce, “Ba abin da ya same shi, ɗana. Zamna.”

Ta fita da ni tsakar gida. Ta hura wuta, ta ɗora kasko. Ta ɗebo tunkuza iri biyu, wato abin da ke saura bayan an fitar da mai. Ɗaya ta hannu ce, mai laushi da maiƙo. Ɗayar ta inji ce, busasshiya, sai da ta daka ta ta jiƙa kafin ta yarda ta dunƙulu. Ta toya kowacce daban, ta ajiye mini a faranti. Na ci na farko, ya narke a baki. Na ɗauki na biyu na ciza, sai na ji ƙas har cikin kunnena, na kama kumatu. Ga tauri, ga ɗacin ƙuna. Matan da suka taru a bakin ƙofa suka juya baya suna dariya cikin mayafi.

Inna Habsu ta ce, “Injinku jarumi ne, ba shi barin komi. Shi matse mai ƙaf, shi bar muna ƙasa. Mu kuwa, Mushe, mai shi ka maido kuɗɗin gujiya. Ƙuli-ƙuli shi ne ribarmu, da shi muke cida gida. Wata guda muka yi da inji, masu saye suka gudu, da ƙyal muka maido su.”

Na ce, “To da me kuke biyanmu?”

Ta buɗe tafin hannuwanta ta nuna mini, duk kanta. Kunya ta rufe ni. Ashe wata huɗu ke nan suna ƙara murza gujiya da hannu don su biya injin da na kawo musu ya hutar da hannun.

Na ce, “Inna, don Allah me ya hana ki faɗa mini?”

Ta ce, “Mutum shi kawo maka abin arziki gaban gari, ka ce mashi bai yi ba? Kuma mun ji wadda aka ɗauke ma inji, ba ta sake ganin komi. In aka zo aka ɗauka, mi za a ce? Habsu ta ci kayan mutane. Na tsuhwa ban ci na kowa ba.” Sannan ta ƙara da cewa, “Kai ko, tambaya ka yi ko muna son mai da yawa. Wa za shi ce a'a? Da ka tambaye ni mi nike saidawa, da na hwaɗa maka.”

Na koma na rubuta rahoto yadda abin yake. Na ce ƙungiyar ba ta da laifi, dosiyen ne ya auna abin da ba shi ne sana'arsu ba. Darakta ta karanta, ta cire tabarau ta ce, “Ka san wannan takarda kai take kamawa?” Na ce na sani, Madam. Ta ce to za ta kai ta kwamiti haka. An rubuta mini gargaɗi a takardun aikina, yana nan har yau. Amma kwamiti ya yarda a musanya musu injin da na markaɗe da gangar suyar gujiya, a lissafa musu abin da suka riga suka biya, sunansu kuma ya zauna a jeri.

Ranar musanya ni na raka motar. Ma'aikata suka nufi ɗakin za su fito da tsohon injin, sai Inna Habsu ta tare ƙofa. Ta ce, “A'a. A hwara sauke sabon tukuna, gari na kallo.” Direba ya ce wuri ba zai isa ba, aikin zai zama biyu. Na ce a yi yadda ta ce. Aka sauke sabon a tsakiyar fili, mutane suka kewaye shi suka gani da idonsu. Sai a lokacin ta shiga ta yaye zanenta daga kan tsohon, ta kakkaɓe, ta ninke, ta ce su ɗauka.

Abin da na koya shi ne, biya a kan lokaci ba shaidar cewa mun taimaki mutum ba ce. Mutanenmu za su iya biyan kuskurenka da guminsu, su kuma yi maka godiya, don kawai su tsare sunansu da naka. Shi ya sa nake kora ku kasuwa kafin ku rubuta layi ɗaya na dosiye, kuna ƙunƙuni. Ku je ku tsaya, ku ga abin da ke fara ƙarewa a rumfa, ku saya ku ci. Wanda kuma yake ganin ya riga ya gane komai, ya zo teburina. Akwai guntun ƙuli-ƙulin nan a aljihun tebur, na naɗe shi a takarda, har yanzu ba wanda ya iya fasa shi.