Akwatin Kawu Mamman Mai Ƙofa Biyu

Ku da kuka zauna da Kawu Mamman Tela a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, ai ba sai na gaya muku yadda yake buɗe talbijin ɗinsa ba. La'asar sakaliya zai wanke hannu, ya yaye zanen da ya lulluɓe akwatin, ya yi bisimilla, sannan ya ja ƙofofin katakon nan biyu a hankali. Mai karanta labarai na yin sallama, Kawu zai gyara zama ya ce, "Wa alaikumus salam, sannu da aiki." Ka kuskura ka yi dariya, ka sha harara: "Mutum shi shigo gidanka shi yi sallama, ka ƙyale shi? Wa yar rene ka?"

Baƙi-da-fari ne, ya sayo shi a Sakkwato gab da soja su miƙa wa farar hula mulki karon farko. Wutar lantarki kuwa ba ta taɓa shiga cikinsa ba, da batirin mota yake kunna shi. "Wutad da ba ta sallama in za ta zaka, ba ta bankwana in za ta tahi, ita zan ba amanar akwatina? Allah shi kiyaye!"

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Da aka ba mu jiha, ina cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato aka dawo da mu Birnin Kebbi. Na sami gida a Gesse, na sayi talbijin mai kala har da bidiyo, kaina ya kumbura. Na ɗauko Kawu musamman ya zo ya ga zamani. Ya zauna yana kallo yana taɓe baki, har aka harbi jarumin fim ɗin ya faɗi.

"Shi ke nan? Ya mutu?"

"Ya mutu, Kawu."

"Ba waƙa?" Ya miƙe ya karkaɗe riga. "Sama'ila, lokacin da muka tahiya sinima, in anka harbi jarumi sai shi yi waƙa, shi nemi gahwarar uwatai, shi ɗaura wa ƙanwatai aure, kana shi cika. Wanga ko ya mace awa ɗan tsako. Kai ni gida!"

Ɗinkinsa ma a wancan zamanin ya tsaya. Na ba shi yadi ya yi mini wandon ofis, sai ga wando ƙafa ɗaya ta isa a zuba buhun shinkafar Zauro. Na ce, "Kawu, ofis zan je fa, ba sharar titi ba." Ko ɗago kai bai yi daga keke ba: "Ƙahwa ma tana son iska."

Kaset-kaset ɗinsa kuwa, na makaɗan kotso da na 'yan gita da na Indiya, ba ya mayar da su baya a cikin rediyo. Biro yake zura wa kaset ya yi ta wulwulawa a sama kamar mai korar tsuntsaye a fadama. Wai batir don ci gaba aka yi shi, ba don komawa baya ba. Jama'a, mutumin da kansa ya ƙi motsawa daga zamanin sinima ne ke faɗin haka!

To amma duk wannan wasa ne. Abin da ke ci masa rai guda ne. Kawu ya rantse cewa an taɓa nuna shi a talbijin, shi da matarsa Inna Kulu. Wai wata shekara sun je kallon bikin kamun kifi a Argungu, garinsu Inna, masu ɗaukar hoto suka juyo kansu. Ranar da aka nuna, kowa na fadama wurin yankan shinkafa, su biyu kaɗai suka gani. Bayan nan ba da daɗewa ba Inna ta rasu, ta bar 'yarsu Hadiza tana rarrafe. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, don haka Hadiza ta girma ba ta san fuskar uwarta ba. Shaidar Kawu ɗaya ce, ita ma tana ƙasa.

Majalisar ƙofar shagonsa kuwa ta samu abin yi. Alhaji Bello mai albasa shi ne ja-gaba: "Jarumi! Yaushe za a sake nuno ku?" Kawu ya yi dariyar yaƙe, ya ci gaba da taka keke. Amma ni na san yana jin zafi, don duk ranar da aka yi masa haka ba ya kunna kaset. Sau nawa na ce ya kawo tsohon akwatin in ba shi mai kala, amsarsa ba ta canzawa: "Inda munka shiga, nan za mu hito."

Sai ga ranar zagayowar samun jiha. Aka sanar a rediyo cewa da yamma za a nuna tsofaffin hotunan ƙasar Kabi. Alhaji Bello ya tattaro majalisa kaf zuwa gidana, wai a gani a mai kala, a huta da maganar nan. Mun zauna ke nan, an fara kiɗan buɗe shiri, ɗif! aka ɗauke wuta gari gaba ɗaya. Muka kalli juna. Sai ga dattawa suna cusa kansu a motata, mun nufi Nasarawa.

Mun tarar Kawu ya fito da akwatin tsakar gida, batir na gefe, Hadiza na zaune kan tabarma. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "A'a, masu kala! Mi yak kawo ku wurin baƙi-da-hwari?" Hoton na rawa, sai ya nuna mini gorar eriya. "Sama'ila, je ka riƙe. Juya gabas. Daɗa! Tsaya nan, ko numfashi kak ka yi." Haka na tsaya rungume da gora, ni babban ma'aikacin gwamnati, ina leƙe ta ƙarƙashin hammata.

Ga gulbi, ga masunta sun ruga da homa da goruna, ga makaɗa cikin kwalekwale. Aka nuna kifi, aka nuna manya, aka daɗe. Alhaji Bello ya fara gyaran murya. Sai hoton ya juya kan 'yan kallo. Wallahi ƙafar wandon muka fara ganewa! Sannan ga suma tuli guda, ga rediyo a kafaɗa, ga Kawu matashi yana karkaɗa kai.

Gidan ya ɗauka: "Shi na! Aradu shi na!" Mata suka rangaɗa guɗa ta kan katanga.

Kawu bai ji mu ba. A gefensa cikin hoton akwai wata siririyar mace, ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya. A hankali ya ce, "Wa alaikumus salam." Sannan ya ce, "Hadiza, taho ki gai da uwakki." Yarinyar nan ta rarrafa ta ɗora tafinta a kan gilashin, ba ta ɗauke ba har aka koma nuna kifi. Ni dai na saki gora, don ban ƙara ganin komai ba sai ruwan da ya cika mini ido.

Kada ku ɗauka ya yafe wa majalisa a banza. Ya share ido ya juyo: "Alhaji Bello, wa am maƙaryaci?" Alhaji ya ce, "Ni na, Mamman." Hukuncinsa, Kawu ya ɗinka masa wando irin nasa, kuma da shi ya je masallacin Juma'a. Kun dai gan shi, yana tafe yana share hanya.

Hadiza ce ke riƙe da akwatin yanzu. Ba ya kama komai, amma tana lulluɓe shi da zanen nan. Allah ya jiƙan Kawu Mamman, ya yafe masa kurakuransa, ya buɗe masa ƙofofin rahama a hankali yadda yake buɗe nasa. Allah ya sa yana yin sallama Inna Kulu ce za ta amsa. Amin.